Kayan ɗakin amarya da shingen kan iyaka: amsa ga wata uwa daga Katsina

Wata baiwar Allah daga Katsina ta aiko mana da doguwar wasiƙa, ga taƙaitaccen abin da ta ƙunsa:

"Watannin baya na je suna gidan ƙanwata a Maraɗi. Da zan dawo aka haɗo ni da tsaraba: buhun shinkafa, katan ɗin taliya, jarkar man girki da turamen atamfa uku. Tun daga tasha direba ya karɓi kuɗi a hannun kowane fasinja, ya ce na hanya ne. Bayan mun ƙetaro, a wani shinge aka sauke mu, aka zazzage kayana a ƙasa a gaban maza, aka ɗauke shinkafar da taliyar da man, sannan aka ce sai na ba da wani abu kafin a bar mini atamfofin. Na bayar, ba a ba ni ko guntuwar takarda ba, kuma har yau ban san jami'an wace hukuma ba ne. Yanzu an sa ranar auren 'yata da ɗan ƙanwar tawa, Maraɗi za a kai ta, kuma kayan ɗaki da gara suna wuyana. Ƙanen maigidana ya ce in ba 'yan fito su ƙetarar da kayan ta daji da dare, ya fi araha kuma babu wulaƙanci. Maigidan ya bar mini zaɓi, ni kuwa tsoron iyakar nan ya riga ya shiga raina. Shin an zalunce ni, kuma zan iya samun kayana? Yaya zan yi da kayan yarinyar nan?"

Hajiya, Allah ya sanya alheri a wannan aure, ya ƙara danƙon zumunci tsakaninki da ƙanwarki. Na karanta wasiƙarki da ɓacin rai, domin babu uwar da ta cancanci a zubar mata da kayan jaka a ƙasa a gaban maza, ko da kuwa akwai abin da doka ta hana a cikinsu. Sai dai abin da ya same ki a ranar nan abubuwa biyu ne mabambanta, kin haɗa su kin ƙulle a ƙunshi ɗaya, shi ya sa tsoron ya yi miki nauyi. Ɗaya doka ce, wadda ba ki sani ba. Ɗayan kuma zalunci ne tsagwaronsa, wanda rashin sanin dokar ne ya buɗe masa ƙofa. Idan kika iya rarrabe su, za ki ga cewa iyakar ba ta kai yadda kike jin ta a ranki ba.

Bari in fara da ɓangaren da ba zai yi miki daɗin ji ba. Tun watan Maris na 2016 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shinkafa ta kan iyakokin ƙasa, kuma taliya da tataccen man girki suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su. Dokar ba ta ware buhun tsaraba daga buhun ɗan kasuwa ba, domin da ta yi haka, da kowane ɗan fasa-ƙwauri ya raba lodinsa ga fasinjoji buhu-buhu ya ce kyauta ce. Ta can ɓangaren ma ba a sake ba, domin a watan Oktoba na 2024 hukumomin Nijar sun hana fitar da shinkafa da sauran hatsi zuwa kowace ƙasa in ban da Mali da Burkina Faso. Ke nan buhun da ƙanwarki ta ba ki da kyakkyawar niyya ya saɓa wa dokar ƙasashen biyu a lokaci guda. Ba laifinki ba ne da ba ki sani ba, kuma a ganina hukumomi sun gaza wajen sanar da talaka waɗannan jerin kaya da harshen da yake ji, amma jami'in da ya tsare shinkafa da taliya da mai yana da madogara.

Inda madogarar ta ƙare shi ne wurin takarda. Jami'in da ya kama kaya da sunan gwamnati wajibi ne ya rubuta abin da ya kama, ya ba mai kayan shaida, ya kai su ma'ajiyar hukuma, domin ba nasa ba ne, kuma hanyar shari'a ake bi kafin su zama mallakin gwamnati. Kayan da aka ɗauke ba tare da rubutu ba, babu wanda zai iya gaya miki inda suka kwana. Batun atamfa kuwa ya fi muni. Turmi uku na sawa ba kayan kasuwanci ba ne, kuma tun 8 ga Satumba 2025 Hukumar Kwastan ta Najeriya ta fara aiki da ƙa'idar yafe kuɗin fito ga kayan da darajarsu ba ta wuce dalar Amurka 300 ba, ciki har da kayan fasinja, har sau huɗu a shekara, matuƙar ba haramtattu ba ne. Ko da a ce akwai kuɗin da ya hau kansu, ba a hannu ake miƙa shi a bakin titi ba. Ana ƙiyasta shi a rubuce, a biya ta banki ko ta hanyar da hukuma ta tanada, a ba da rasit mai lamba. Don haka amsar tambayarki ta farko ita ce, an zalunce ki a kan atamfa, an zalunce ki a kan rashin takarda, an kuma ci zarafinki a yadda aka yi binciken.

Kin ce ba ki san jami'an wace hukuma ba ne, kuma wannan shi ne abu na farko da nake so ki gyara kafin tafiya ta gaba, domin kowace hukuma da iyakar huruminta. A ɓangaren Najeriya, jami'an shige da fice mutum suke dubawa da takardunsa, ba ruwansu da abin da ke cikin buhu. Kwastan kaya suke dubawa da kuɗin fito. Jami'an lafiya katin allura suke nema, hukumar NDLEA tana neman miyagun ƙwayoyi, akwai kuma masu duba dabbobi da tsirrai, sannan 'yan sanda da sojoji suna wurin ne saboda tsaro. Idan kika ƙetara daga Magama ta Jibiya kika isa Ɗan Isa, 'yan sandan Nijar ne za su duba takardunki, 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar, su duba kaya, jandarmomi kuma ki tarar da su a kan hanya. Yawancinsu suna jin Hausa kamar yadda kike ji, amma takardun ofis da Faransanci ake cika su. Duk wanda ya tsayar da ke, ki dubi kakinsa da sunan da ke ƙirjinsa da rubutun jikin motarsa. Akwai kuma samari marasa kaki da ke raɓe a shingaye, su ne kan fara kai hannu ga kaya, su ne kuma kan zo su raɗa miki cewa oga ya ce a kawo kaza. Waɗannan ba su da wani iko a kanki, kuma daidai ne ki ce da mai kaki kike son yin magana.

Yanzu ga shawarar ƙanen maigidanki. Na san ba da mugunta ya faɗa ba, kuma na san mutane da yawa a garuruwan kan iyaka haka suke yi, musamman tun lokacin da aka rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, inda mashigar Jibiya ta kasance a rufe har watan Afrilu na 2022, sana'ar fito ta zama abincin gidaje masu yawa. Amma ina roƙonki kada ki karɓi wannan shawara, kuma ga dalilaina.

Da zarar kaya sun bar titi sun shiga daji, sun tashi daga kayan ɗakin amarya sun koma kayan fasa-ƙwauri a idon doka, ko da kuwa da kuɗin guminki kika saye su kuma babu haramtaccen abu ko ɗaya a ciki. Gadon da za ki iya wucewa da shi ta ƙofa da ɗan kuɗin fito, ko ma babu, idan aka kama shi a hanyar daji ya tafi ke nan, tare da motar ko babur ɗin da ya ɗauko shi, kuma ba ki da bakin zuwa ofis ki ce naki ne, domin faɗin haka amsa laifi ne. Ɗan fito ba ya ba da rasit, ba ya biyan diyya. Idan ya dawo ya ce an kama kaya, ba ki da hanyar sanin ko an kama ɗin ne ko kuwa an sayar a wata kasuwar ƙauye. Sannan ba ki san abin da zai cusa cikin katifar 'yarki ba. Wanda ya samu lodin kayan biki, wanda kowa ke kallo da idon rahama, ya samu mafi kyawun wurin ɓoye nasa kayan, kuma sunan da za a ambata idan abu ya fashe shi ne na mai kayan ɗakin. Bayan wannan duka akwai batun rai. Dajin da ke tsakanin Jibiya da Madarumfa ya shafe shekaru yana fama da 'yan bindiga, kuma tseren da ake yi tsakanin 'yan fito da masu sintiri ya sha cin rayukan mutane. Ki yi tunanin ranar kai amarya ta zo, ɗaki babu komai, dangin ango suna kallo, ke kuma ba ki da wanda za ki riƙe. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan. Kuɗin da za ki rage ta wannan hanya bai kai kwatar abin da kike sawa a haɗari ba.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki rage abin da zai ƙetara iyakar tun daga gida. Kayan gara kada su hau mota ko kaɗan. Shinkafa, taliya, mai, sukari, fulawa, duk akwai su a kasuwar Maraɗi, kuma kayan abinci su ne suka fi jawo ido a ɓangarorin biyu. Masara ma tana cikin jerin abubuwan da Najeriya ta hana fitarwa. Ki tura wa ƙanwarki kuɗi, ko ki je da kanki kwana biyu kafin biki ku shiga kasuwa tare. Abin da aka saba yi a gida kamar alkaki da nakiya da dubulan, a soya su can a gidanta, matan dangi za su taya. Gado da kujeru da sif ma ki yi lissafi da kyau kafin ki yanke shawara. Ki sa ango ko wani amintacce ya tambayo farashi wurin kafintocin Maraɗi, ki kwatanta da farashin Katsina haɗe da kuɗin mota da kuɗin duwan da haɗarin karyewa a hanya. Sau da yawa idan aka haɗa lissafin, bambancin ba ya kai wahalar. Na san akwai uwar da ba ta samun natsuwa sai ta ga gadon 'yarta da idonta ta taɓa shi da hannunta kafin a biya, kuma ban ga laifin wannan ba. Tafiyar Katsina zuwa Maraɗi ba ta kai kilomita 100 ba, kina iya zuwa ki zaɓa ki dawo a yini guda.

Sauran kayan da dole su fito daga hannunki, wato tufafi, kwanuka da tangaran, labule, darduma, kayan kicin, da na'urori irin su firji ko talabijin idan kin riga kin saya, su ne za ki shirya musu takarda. Ki zauna da wani ɗanki mai kyan rubutu, ku sa wa kowane akwati da kowane katan lamba da alƙalami mai kauri, ku rubuta jerin abin da ke cikin kowanne da adadinsa da kuɗin da aka saye shi. A yi kwafi uku, ango kuma ya sa a mayar da ɗaya zuwa Faransanci. Ki haɗa da rasit ɗin duk wani abu mai tsada, da katin gayyatar biki, da takardar shaidar ɗaurin aure idan an riga an ɗaura. Amfanin wannan jeri sai kin gan shi a aikace. Idan mota ta tsaya jami'i ya ce mene ne a cikin wancan katan ɗin, maimakon ki fara kame-kame yana ganin kamar kina ɓoye wani abu, sai ki miƙa masa takarda ki ce lamba bakwai ne, kwanukan tangaran ne dozin biyu da fulas uku, ga shi a rubuce. Zai buɗe ɗaya ko biyu, ya ga abin da aka rubuta shi ne a ciki, yawanci daga nan binciken yake sassautawa. Wanda ya zo da rubutu ya nuna cewa ya san abin da yake ɗauke da shi, kuma ya san za a iya tambayar jami'in idan wani abu ya ɓace. Ki kiyaye kada ki rage farashi a jerin don gudun kuɗin fito, domin jami'an sun san kasuwa, kuma ƙarya ɗaya tana zubar da darajar takardar gaba ɗaya.

Aiki mafi muhimmanci yana wuyan dangin ango, tunda su ne 'yan ƙasa. Mako biyu ko uku kafin biki, wani dattijo daga cikinsu ya ɗauki jerin nan ya je ofishin duwan, ya bayyana cewa kayan amarya ne da za ta tare da su, ba na sayarwa ba, ya tambayi sassaucin da ake yi wa irin waɗannan kaya da takardun da ake bukata, ya kuma nemi a gaya masa abin da za a biya a kan sababbin na'urori. Ki sa a ranki cewa za a iya biyan wani abu, domin harajin sayen kaya na VAT a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne, kuma tun watan Maris na 2025 ƙasashen ƙawancen Sahel uku, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka ƙara harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga wajensu. Kuɗin da aka sani tun daga gida aka tanade shi ba ya tayar da hankali. Kuma ranar da kayan za su wuce, wannan dattijon ya tarye su a Ɗan Isa da kansa.

Kada kaya su tafi rana ɗaya da amarya. Su riga ta da aƙalla mako guda, da rana tsaka, a ranar aiki da manyan jami'ai ke ofis. Dalili shi ne idan an samu tangarɗa akwai lokacin warware ta, kuma wanda ya ga motar amarya tana jira, mata sun ci ado, rana tana faɗuwa, ya san za a biya duk abin da ya ambata. Wani dalilin shi ne iyakar nan siyasa tana taɓa ta ba zato. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe ta cikin 'yan kwanaki, ba a sake buɗewa ba sai watan Maris na 2024, kuma bukukuwa da yawa sun gamu da cikas a tsakanin. Ki riƙa sauraren labarai yayin da ranar ke matsowa.

Game da takardun mutane, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ita ce ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba har kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso, amma ɓangarorin biyu sun sanar cewa zirga-zirga ba tare da biza ba za ta ci gaba. Duk da haka, tun bayan ficewar matafiya sun sha kokawa kan cikas da suke samu da ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS, don haka ke da amarya ku nemi cikakken fasfo, ku kuma riƙe katin ɗan ƙasa. Amarya ta fi kowa bukatarsa, tunda zama za ta yi ba ziyara ba, kuma mijinta ya fara bin hanyar daidaita mata takardun zama da wuri. Ku tabbata an buga muku hatimin fita da na shiga. Wasu direbobi kan ce a zauna cikin mota su je su gyara, to, wanda ya shiga ƙasa babu hatimi ya ba kowane shinge na gaba dalilin tatsarsa. Sai katin allurar rigakafin zazzaɓin shawara, mai launin rawaya. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa har ƙarshen rayuwa. Rashin wannan ɗan kati yana cikin manyan ƙofofin da ake karɓar kuɗin mutane ta cikinsu, don haka duk wadda za ta raka amarya ta yi shi tun yanzu, kuma ta yi allurar da gaske, kada ta sayi katin a tasha.

Akwai batun ƙawayen amarya, wanda iyaye ba su cika tunawa da shi ba. Mota cike da 'yan mata tana nufar arewa abu ne da jami'an shige da fice ke dubawa da kyau, kuma suna da dalili, domin ta Nijar masu safarar mutane ke bi da yara zuwa Agadas da Libiya. Ki rage yawan 'yan rakiya, kowace ta riƙe katin shaidarta, wadda ba ta kai shekara 18 ba kuma ta zo da takardar amincewar iyayenta mai lambar wayarsu. Katin gayyata a hannun babbar mace a cikin motar yana gajarta tambayoyi.

Kuɗi kuma, ki canza abin da za ki bukata zuwa sefa tun kafin ki isa shinge, ki raba shi wuri biyu ko uku a jikinki, kada ki ciro damin kuɗi a gaban kowa. Dokar Najeriya ta 2022 kan halatta kuɗin haram ta wajabta wa duk mai ɗauke da abin da ya haura dalar Amurka 10,000, ko kwatankwacinsa a wani kuɗin, ya bayyana wa kwastan, wanda ya ɓoye kuma yana iya rasa kuɗin ko ya sha ɗauri. Ban zaci hidimarki za ta kai haka ba, amma idan dangi sun haɗa gudummawa a hannun mutum ɗaya, a lura. Idan da motar gida za ku je, direba ya riƙe cikakkun takardun mota da lasisi da inshorar da ke aiki a ƙetare, ya kuma karɓi takardar izinin shiga da mota ta wucin gadi a wurin duwan. Idan ta haya ce, a ɗauke ta daga tasha ta hannun shugabannin 'yan ƙungiya, a yi ciniki a gabansu, a fayyace abin da kuɗin ya ƙunsa. Kuɗin hanya da direba ya karɓa a hannunku wancan karon ba ya cikin kowace doka, kuma kin ga da idonki bai kare miki komai ba.

Abu ɗaya nake so ki riƙe fiye da duk abin da na faɗa, ki kuma gaya wa duk matan da za su tafi tare da ke. Kada wadda ta karɓi saƙon da ba ta buɗe ta gani ba, kuma kada wadda ta amsa cewa jakar wani tata ce. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum. Mota tana shirin tashi, sai wani mai ladabi ya matso da ƙaramar jaka ɗaure da igiya, ya ce Hajiya don Allah magani ne na mahaifiyata, ƙanena zai karɓa a tasha. Ko kuma direba ya juyo ana dab da shinge ya ce idan an tambaya ki ce buhun nan naki ne, ba a matsa wa mata. Kunya da tausayi su ne ake farauta a nan, kuma an san matan Hausawa da su. Ƙwayar tiramadol da makamantanta ta irin wannan hanya suke yawo, kuma a gaban shari'a wanda ya ce kaya nasa ne shi ne mai su. Ki ce a buɗe a gabanki, in an ƙi ki ce Allah ya ba da haƙuri. Ɓacin ran baƙo na minti biyar ba abin da zai rage miki.

Idan kuka isa wurin bincike, ki yi sallama, ki amsa abin da aka tambaye ki kawai, ki bayyana kayanki kafin a gano su. Idan za a taɓa jikinki ko jakar kayanki na ciki, ki nemi jami'a mace ta yi, a kuma keɓe, wannan ba alfarma ba ce. Idan aka ambaci kuɗi, ki tambaya cikin natsuwa na mene ne, a ina ake biya, kuma za a ba da rasit. Idan aka ce za a riƙe kaya, ki nemi takardar riƙewa mai sunan jami'i da kwanan wata da jerin kayan. Idan magana ta ƙi ci, ki nemi ganin shugaban wurin. Ba zan ce miki wannan yana aiki kowane lokaci ba. Akwai shingen da za a ajiye ki a rana awa biyu don kin nemi rasit, kuma akwai wurin da babu kowa, dare ya yi, mutanen da ke gabanki suna riƙe da bindiga. A irin wannan wuri kada ki yi jayayya, lafiyarki ta fi kayan. Ki riƙe suna da wuri da lokaci a ranki, ki rubuta da zarar mota ta tashi, kuma kada ki ɗaga waya kina ɗaukar hoto a gabansu, musamman a ɓangaren Nijar inda ake tsaurara batun tsaro. Amma a babbar mashiga, da rana, da takardu a hannu da dattijo a gefe, mai neman na goro yakan gwammace ya sallame ki ya jira wanda bai shirya ba.

Saura batun kayanki da aka ɗauke. Shinkafa da taliya da mai ki cire rai da su, domin ko da an rubuta su a littafin hukuma, haramtattun kaya ne ba za a mayar ba, kuma wa'adin da doka ke ba mai neman kayansa gajere ne. Kuɗin da aka karɓa a kan atamfa ma da wuya ya dawo tunda babu shaida a rubuce. Duk da haka ina ganin ya dace ki kai ƙorafi, saboda matan da za su bi hanyar bayanki, ciki har da 'yarki da za ta riƙa zuwa ganin gida. Ki sa a rubuta miki takarda mai ɗauke da ranar tafiyar, da kimanin lokacin, da wurin da shingen yake, da irin kakin da kika gani, da abin da aka ɗauka da adadin kuɗin da kika bayar. Direban yana da rajista a tasha, kuma ya san ko su wane ne ke tsayawa a wannan wuri, don haka maigidanki ya neme shi ta hannun shugabannin tashar. Idan ta tabbata wace hukuma ce, a kai takardar ofishin shugabanta na jiha, a kai kwafi ofishin Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da ke Katsina, wadda ba a biyan ko kwabo don shigar da ƙara a gabanta, a kuma nemi a buga wa kwafinki hatimin karɓa. Ƙanwarki kuma ki gaya mata cikin hikima cewa nan gaba ɗan dabino da cuku da aya sun wadatar a matsayin tsaraba, kayan buhu da na katan ta bar su a Maraɗi.